Rakiyar Aboki a Tseren Kilomita 21: Aikin Tsoka, Zuciya da Ƙwaƙwalwa

Tseren da ake kira maraton, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna gudun famfalaki ko gudun yada-ƙanin-wani, tsawonsa kilomita 42 da mita 195 ne. An fara gudun wannan tsawo a wasannin Olamfik na birnin Landan a 1908, aka kuma tsayar da shi a matsayin ƙa'ida a 1921. Rabinsa, wato kilomita 21 da mita 97 da rabi, shi ma tsere ne mai zaman kansa, kuma da shi masu sha'awar gudu da yawa suke fara gwada kansu kafin su tunkari babban. An gudanar da irinsa a Kaduna a watan Nuwamba na 2020. Gwanayen duniya suna gama shi cikin ƙasa da sa'a guda. Yomif Kejelcha na ƙasar Habasha ya yi shi cikin minti 57 da sakan 30 a birnin Balansiya na ƙasar Sifen a 2024. Amma malami ko ma'aikaci ko ɗalibin jami'a da ya yi 'yan watanni yana atisaye, sa'a biyu zuwa biyu da rabi yakan ɗauka a karon farko.

Irin wannan sabon shiga yakan nemi wani abokinsa da ya riga shi sabawa da gudu ya raka shi daga farko har ƙarshe, yana daidaita masa sauri. Turawa suna yi wa mai wannan aiki laƙabi da zomo. A nan za a kira shi ja-gaba. Wanda bai sani ba zai ɗauka aikin ja-gaba shi ne ya ingiza abokinsa ya ƙara sauri. A tseren farko kuwa, mafi yawan aikinsa riƙe abokin ne kada ya zarce. Dalilin haka yana cikin yadda tsoka take samun kuzari, da yadda jiki yake fitar da zafi, da yadda ƙwaƙwalwa take auna gajiya.

Inda tsoka take samun kuzari

Duk motsin da tsoka take yi, da wani sinadari ake biyansa mai suna adinosin tirayifosfet, wanda ake taƙaitawa da ATP. Abin da tsoka take ajiyewa na wannan sinadari bai wuce na sakan biyu zuwa uku na aiki mai ƙarfi ba, saboda haka dole ta riƙa sabunta shi ba tare da tsayawa ba. Hanya mafi sauri ita ce ta wani sinadari da ake kira fosfokiriyatin, amma shi ma yakan ƙare cikin kimanin sakan goma. Shi ne dogaron mai tseren mita 100. Sai hanyar farfasa gulukos ba tare da jiran iskar oksijin ba, wadda take da sauri amma tana da ɓarna, domin ƙwayar gulukos guda ATP biyu kacal take bayarwa ta wannan hanya. Idan kuwa aka ƙona wannan ƙwaya gaba ɗaya da oksijin a cikin mitokondiriya, wato ƙananan murhunan da ke cikin ƙwayoyin halitta, sai ta ba da kimanin 30. Mai gudun kilomita 21 da wannan hanya ta ƙarshe yake rayuwa.

Makamashin da ake ƙonawa iri biyu ne. Akwai gilaikojin, wato gulukos da jiki ya ɗaure ya ajiye: kimanin giram 400 a tsokoki da giram 100 a hanta, wanda jimillarsa ta kai kilokalori 2,000. Akwai kuma kitse, wanda ko a jikin siriri ya haura kilokalori 50,000. Gilaikojin kamar karan dawa yake, yana kamawa nan take ya ba da wuta mai ƙarfi ya ƙare. Kitse kuwa kamar gungumen ƙirya, yana daɗewa amma ba ya ci da sauri. Duk lokacin da mai gudu ya ƙara sauri, kason da jiki yake ɗiba daga gilaikojin yana ƙaruwa, na kitse yana raguwa.

Gudu yana cin kimanin kilokalori ɗaya ga kowane kilogiram na nauyin mutum a kowace kilomita. Ke nan mai nauyin kilogiram 65 zai kashe 65 sau 21, wato kilokalori 1,365. A takarda gilaikojin ɗinsa ya ishe shi har da rara. Sai dai lissafin takarda ya ɓoye abu biyu. Gilaikojin da ke tsokar hannu ko ta baya ba ya fita ya tafi ƙafa, domin tsoka ba ta da sinadarin da zai sake shi cikin jini a matsayin gulukos. Hanta ce kaɗai take da wannan dama sosai. Ita kuma hantar ta kwana tana ciyar da ƙwaƙwalwa, saboda haka da asuba ajiyarta ta ragu ƙwarai. Rarar ba ta kai yadda ake zato ba, kuma wanda ya fara da ɓarna zai ji a jikinsa kafin ƙarshe.

Littattafan makaranta da yawa suna ɗora laifin gajiya a kan asid ɗin laktik. Wannan ra'ayi ya samo asali daga aikin A. V. Hill na Ingila da Otto Meyerhof na Jamus, waɗanda suka sami kyautar Nobel ta 1922 a kan nazarin tsoka. Binciken da ya biyo baya, musamman na George Brooks a Amurka tun daga shekarun 1980, ya nuna cewa laktet makamashi ne shi ma: zuciya tana ƙona shi, wasu zaruruwan tsoka suna ƙona shi, hanta kuma tana mayar da shi gulukos ta hanyar da Carl da Gerty Cori suka bayyana. Yawaitarsa a jini alama ce, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta. Akwai wani mataki na sauri wanda idan aka ƙetare shi, laktet yakan taru fiye da yadda ake kwashe shi, tsami ya ƙaru a tsoka, numfashi ya hauhawa. Wanda ya horu sosai yana iya zama a bakin wannan iyaka na kimanin sa'a guda. Wanda zai yi fiye da sa'a biyu a kan hanya dole ya zauna ƙasa da ita.

Ja-gaba ba ya ɗauke da na'urar gwajin jini, amma yana da kunne. Idan tsami ya ƙaru a jini, sinadarin bayikabonet yakan kashe kaifinsa, wannan kuma yana haifar da ƙarin iskar kabon-dayoksaid da dole huhu ya fitar. Daga nan numfashi yake fin ƙarfin magana. Saboda haka idan ja-gaba ya ce, "Aboki, wace makaranta ka ce an mayar da ƙanenka?" ba don yana son labarin ba ne kawai. Idan amsa ta zo cikin cikakkiyar jimla, saurin ya yi daidai. Idan ta zo kalma biyu-biyu ana haki a tsakani, alhali ko kilomita goma ba a kai ba, to a sassauta.

Lissafi kafin ranar tsere

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saurin da za a bi ana yanke shi tun kafin ranar, kuma da ƙwazon sabon shiga ake auna shi, ba da burinsa ba. A 1977 wani injiniya Ba'amurke mai suna Peter Riegel ya fitar da wata dabarar lissafi ta hasashen lokacin tsere mai tsawo daga lokacin gajere. Idan aka yi amfani da ita daga kilomita 10 zuwa kilomita 21, abin da take cewa shi ne a ninka lokacin da kimanin 2.2. Wanda yake gama kilomita 10 cikin minti 60, ana sa ran ya gama rabin maraton cikin minti 132. Amma dabarar ta ɗauka cewa mutum ya yi isasshen atisayen dogon zango, kuma yanayi yana da sanyi. Ga sabon shiga, hankali shi ne a ƙara minti bakwai ko takwas, a sa minti 140 a gaba, wato minti 6 da sakan 38 a kowace kilomita.

Shi kansa ja-gaba dole wannan sauri ya zama wasa ne a wurinsa, domin wanda yake fama da numfashinsa ba zai lura da na wani ba. Haka kuma ya yi rajista ya sa lamba kamar kowa.

Kilomita biyar na farko

A bakin layin tashi, jikin sabon shiga yana cikin halin da ɗaliban kimiyyar halittu suka sani da shirin faɗa ko gudu. Sinadarin adirenalin ya zuba cikin jini, zuciya ta fara bugawa da sauri tun ba a motsa ba, hanta ta saki gulukos, jin zafi da jin gajiya sun dushe. Ga taro, ga kiɗa, ga ɗaruruwan mutane suna wuce shi ta dama da hagu. A wannan hali gudun minti 6 a kilomita yana jinsa kamar yawo. Zai ce wa abokinsa, da gaskiyarsa, "Yau jikina ya saki, mu ƙara." Ba ƙarya yake yi ba, ma'aunin da ke cikin kansa ne ya karkace. Bugu da ƙari, shigar oksijin cikin tsoka takan ɗauki minti biyu zuwa uku kafin ta kai matakin da aikin yake bukata, kuma kafin nan giɓin da hanyar ɓarna ake cike shi. Adirenalin ɗin ma yana ƙara saurin farfasa gilaikojin.

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, lissafi kuma ya yarda da su. Wanda ya rage sakan 30 a kowace kilomita cikin biyar na farko ya ci ribar minti biyu da rabi. Idan wannan ya sa ya koma tafiya da ƙafa a kilomita uku na ƙarshe, yana ɗaukar minti 11 a kowace maimakon 6 da sakan 38, ya yi asarar minti 13. Wahalar wannan darasi ita ce tazarar da ke tsakanin kuskure da sakamakonsa ta fi sa'a guda, shi ya sa mutane da yawa suke ɗora laifin a kan kilomita ta 18, alhali ɓarnar a ta biyu aka yi ta.

Tarihin wasanni yana da misali a kan haka. Ranar 6 ga Mayu 1954, a birnin Okusfod na Ingila, Roger Bannister, wanda a lokacin ɗalibin likita ne, ya zama mutum na farko da ya yi gudun mil guda cikin ƙasa da minti huɗu: minti 3 da sakan 59.4. Abokansa biyu ne suka ja shi, Chris Brasher da Chris Chataway. A zagayen farko Bannister ya ji kamar ba gudu ake yi ba, har ya daka wa Brasher tsawa ya ƙara sauri. Brasher ya yi kunnen uwar shegu, ya riƙe saurin da aka shirya. Daga baya Bannister da kansa ya yarda cewa wannan ƙin bin umarni yana cikin abin da ya sa aka yi nasara. Idan har gwani mai ilmin jiki zai ruɗu haka a tseren minti huɗu, to sabon shiga a tseren sa'a biyu ya fi bukatar mai ce masa a'a.

Me gudu tare yake ƙarawa?

Tun a 1898 Norman Triplett na Jami'ar Indiyana ya lura cewa masu tseren keke sun fi sauri idan akwai wanda ke jan su fiye da idan su kaɗai ne da agogo. Wani ɓangare na dalilin iska ne. Griffith Pugh, masanin aikin jiki da ya raka tawagar da ta hau dutsen Ebares a 1953, ya auna wannan a 1971. Ya samu cewa a saurin mita 6 a sakan, keta iska tana cin kimanin kashi 7.5 cikin ɗari na kuzarin mai gudu, kuma bin bayan wani da tazarar mita ɗaya yana rage bukatar oksijin da kimanin kashi 6.5. Wannan ne ya sa lokacin da Eliud Kipchoge na Kenya ya yi maraton cikin sa'a 1 da minti 59 da sakan 40 a birnin Biyana ranar 12 ga Oktoba 2019, aka yi amfani da 'yan ja-gaba 41 suna karɓa-karɓa, a jere yadda za su tare masa iska. Wannan tsari yana cikin dalilan da suka sa ba a rubuta lokacin a matsayin tarihin da hukumar wasanni ta amince da shi ba.

Sai dai turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin sauri a kan kansa. Mai minti 6 da sakan 38 a kilomita mita biyu da rabi yake yi a sakan, saboda haka turjiyar da yake fuskanta kimanin kashi ɗaya cikin shida ce na wadda Pugh ya auna. In ba ranar da iskar hunturu take kaɗowa ta gaba ba, ribar ɓuya a bayan aboki kaɗan ce. Babbar ribar tana cikin kai. Daidaita sauri aikin ƙwaƙwalwa ne: duba agogo, lissafin abin da ya rage, kauce wa ramuka da mutane, tuna inda ruwa yake. A 2009 Samuele Marcora da abokan aikinsa a Jami'ar Bangor ta Birtaniya sun sa mutane aikin tunani mai gajiyarwa na minti 90 kafin tuƙa keken gwaji. Sai suka sare da wuri da kimanin kashi 15 cikin ɗari, alhali zuciyarsu da tsokarsu ba su nuna wani bambanci ba. Abin da ya canza shi ne yadda suka ji nauyin aikin. Ja-gaba yana ɗauke wa abokinsa wannan kaya, ya bar shi da aiki ɗaya, wato ɗaga ƙafa. Wurin da ya fi dacewa da shi shi ne gefen kafaɗar abokin, ko rabin taki a gabansa. Wanda ya ba da tazarar mita biyar yana waiwayowa, tsere ya buɗe da abokinsa ko bai yi niyya ba.

Zafi da ruwa

Tsoka inji ce mai asara: aƙalla kashi uku cikin huɗu na kuzarin da take ƙonawa zafi yake zama. Daga kilokalori 1,365 ɗin nan, fiye da 1,000 zafi ne. Jikin mai kilogiram 65 yana hawa digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas da kimanin kilokalori 54, ke nan da babu hanyar fitar da zafin, da jikinsa ya ƙaru da fiye da digiri 18. Ga shi kuwa tazarar da ke tsakanin digiri 37 na lafiya da digiri 40 na haɗari uku ce kawai. Abin da ke ceton mai gudu shi ne gumi. Lita ɗaya ta gumi idan ta bushe a fata tana tafiya da kimanin kilokalori 580. Bushewar ce take sanyayawa. Gumin da ya ɗiga ƙasa ko ya jiƙa riga ya tsaya, asarar ruwa ce kawai.

A nan yanayin ƙasar Hausa ya shigo cikin lissafi. Da bazara, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yake haura digiri 40, iska ta fi fata zafi, saboda haka ƙara wa jiki zafi take yi. Da damina, ko a birni irin Legas, laima tana hana gumi bushewa. Da hunturu yanayin ya fi dacewa da gudu, amma gumi yana bushewa tun ba a gan shi ba, sai mutum ya ɗauka bai yi asarar ruwa ba. Jiki yana sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14 na atisaye a cikinsa: ruwan jini ya ƙaru, gumi ya fara da wuri, gishirin da ke fita cikinsa ya ragu. Duk da haka, ranar da aka tashi da zafi dole a canza lokacin da aka sa a gaba, kuma ja-gaba ne ya kamata ya fara faɗa, domin mai tseren ya riga ya gaya wa mutanen gida lokacin da zai gama.

Zuciya tana tsakanin masu bukata biyu. A hutu tana tura kimanin lita 5 na jini a minti. A gudu ta kai 20 ko fiye. Tsoka tana neman jinin don oksijin, fata tana nemansa don fitar da zafi, ruwan jinin kuma yana raguwa ta hanyar gumi. Sai abin da zuciya take turawa a kowane bugu ya ragu, ta rama da yawan bugu. Shi ya sa a sa'a ta biyu bugun zuciya kan ƙaru da goma ko fiye a minti, alhali saurin bai canza ba.

Mai tausayi zai ce maganin wannan shi ne a yi ta ɗura wa abokin ruwa. Wannan tausayin yana iya kisa. A 1985 Tim Noakes na Jami'ar Kef Tawun a Afirka ta Kudu ya bayyana masu dogon gudu da suka galabaita saboda yawan shan ruwa. Sodiyam ɗin jini, wanda ya kamata ya zauna tsakanin milimol 135 da 145 a lita, yakan tsarma, sai ruwa ya kwarara cikin ƙwayoyin halitta, har da na ƙwaƙwalwa, su kumbura a cikin ƙoƙon kai da ba ya buɗewa. A maraton na Boston na 2002 an gwada jinin mutum 488 bayan sun gama, aka samu kashi 13 cikin ɗari sodiyam ɗinsu ya yi ƙasa. Waɗanda suka daɗe a kan hanya da waɗanda nauyinsu ya ƙaru lokacin tseren su ne suka fi shiga haɗarin. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce a sha idan an ji ƙishirwa, kaɗan-kaɗan. Ga yawancin mutane wannan yana faɗawa tsakanin mililita 400 da 800 a sa'a, wato leda ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta ruwan fiya-wata. Ragowar a zuba a kai da wuya.

Game da abinci, giram 30 zuwa 60 na sukari a sa'a yana taimakawa a tseren da ya wuce minti 90. Ƙananan dabino shida suna ba da kimanin giram 30. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ci abin da ba a gwada a atisaye ba, domin jinin da ke zuwa hanji yana raguwa sosai lokacin gudu.

Daga kilomita 15

A nan hira take mutuwa. Mai gudu ya yi taki fiye da 15,000, kowanne yana sauke ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau biyu zuwa uku a kan ƙafa ɗaya. Tsokar cinya, wadda take miƙewa tana riƙe nauyi a duk saukar ƙafa, ta fara samun ƙananan yagewa. Gilaikojin ya ja baya, zafin jiki ya hau, ƙwaƙwalwa kuma tana tattara waɗannan saƙonni ta mayar da su abu ɗaya: sha'awar tsayawa. Noakes yana ganin ƙwaƙwalwa tana rage wa tsoka umarni ne tun kafin a kai ga lahani. Wasu masana suna jayayya da shi a kan yadda abin yake faruwa. Abin da kowa ya gani shi ne mutumin da ya rantse a kilomita ta 19 cewa ba zai iya ƙara taki ba, yakan ruga a guje da ya hango layin ƙarshe. Akwai ajiyar da ake ɓoye masa.

Yanzu ne aikin ja-gaba yake juyawa daga riƙewa zuwa ja. Magana ta zama gajera, kuma wadda ba ta neman amsa: "Sassauta kafaɗa." "Zuwa waccan bishiyar kawai." Kilomita shida nauyi ce a kai, mita 300 kuwa ana iya ɗauka. Kada ya yi ƙaryar nisa. Wanda aka ce masa saura kilomita ɗaya alhali saura biyu, zai saki ajiyarsa a kan lissafin ƙarya, kuma ba zai ƙara yarda da bakin da ya faɗa ba. Idan tafiya ta zama dole, gara a tsara ta, minti ɗaya ana tafiya huɗu ana gudu, da a jira sai ƙafa ta ƙi.

Lokacin da ya kamata a tsaya

Mafi nauyin abin da ke kan ja-gaba shi ne rarrabe ƙorafin gajiya da alamar haɗari, domin duka biyun da "ba zan iya ba" suke farawa. Mai gajiya yana ƙorafi da hankalinsa. Ya san kilomita nawa aka yi, ya san wanda yake jin haushi. Wanda zafi ya buge kuwa, wato zafin cikin jikinsa ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwarsa ce take fara nunawa: yana tangaɗi, yana maganar da ba ta da kai, yana faɗa ba dalili, ko ya kasa faɗin sunan unguwarsu. Yana iya kasancewa jiƙe da gumi, don haka kada a jira fata ta bushe. Kuma shi ne mutum na ƙarshe da zai yarda a tsaya, tun da abin da zai yi hukunci da shi ne ya taɓu. A tsayar da shi, a kai shi inuwa, a kira ma'aikatan lafiya, a fara sanyaya shi nan take da ruwan sanyi ko ƙanƙara a duk jiki ba tare da jiran mota ba, domin lahanin yana bin yawan mintocin da jiki ya yi cikin zafin. Ciwon ƙirji, ko jiri mai tsanani, ko bugun zuciya da ya rikice, su ma dalilan tsayawa ne ba tare da muhawara ba.

Akwai abu biyu da suka shafi wannan yanki musamman. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana da rukunin jini na AS. Mafi yawansu suna gudu lafiya, har da gwanaye a cikinsu, amma idan matsanancin yunƙuri ya haɗu da zafi da ƙarancin ruwa, jajayen ƙwayoyin jini na iya lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyin tsoka. Alamar ita ce ƙafafu su mutu, mutum ya zube yana cikin hayyacinsa, tsokar kuma a sake take, ba ta ɗaure kamar ta mai ɗaurewar jijiya ba. Wannan na asibiti ne da gaggawa, kuma ya kamata ja-gaba ya san rukunin jinin abokinsa tun kafin ranar. Na biyu shi ne zazzaɓi. Wanda ya kwana da zazzaɓin cizon sauro ko bai daɗe da tashi daga shi ba, ya bar tseren sai wani karo, ko da ya biya kuɗin rajista.

Bayan layin ƙarshe

Mutane da yawa suna faɗuwa ne bayan sun gama. Lokacin gudu, tsokokin ƙafa suna matsa jijiyoyi suna mayar da jini sama zuwa zuciya. Da aka tsaya cak wannan famfo ya mutu, jijiyoyin fata kuma suna nan a buɗe, sai jini ya taru a ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Saboda haka ja-gaba ya riƙe hannun abokinsa su ci gaba da takawa na 'yan mintoci. Idan jiri ya zo, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. Tsamin jikin da zai biyo baya yakan kai ƙololuwa tsakanin sa'a 24 da 72, kuma daga yagewar zaruruwan tsoka yake, domin laktet ya bar jini cikin kimanin sa'a guda da gamawa. Amma fitsari mai launin baƙin shayi tare da ciwon tsoka mai tsanani yana nuna furotin ɗin tsoka ya zuba cikin jini yana barazana ga ƙoda, sai a tafi asibiti a ranar.

Malamin da yake son ɗalibansa su ga wannan darasi da idonsu yana iya gwada shi a filin makaranta mai zagayen mita 400. Da sanyin safiya, a zaɓi 'yan sa-kai masu lafiya, ban da mai sikila ko asma ko zazzaɓi, su yi zagaye biyar yadda kowa ya ga dama, 'yan ajinsu suna rubuta lokacin kowane zagaye. Bayan mako guda a raba jimillar lokacin kowane ɗalibi gida biyar, a sa wani da ya fi shi ƙarfi ya ja shi a kan wannan sauri daga zagayen farko har na huɗu, na biyar a bar shi ya yi abin da ya rage masa. A duka ranakun biyu a ƙirga bugun jini a wuyan hannu na sakan 15 a ninka sau huɗu, da zarar an gama da kuma bayan minti biyu. Sai ɗalibai su zana lokutan zagayen ranakun biyu a kan takardar giraf guda, su kwatanta zagaye na farko da na huɗu.